In maus ya fara yi maka gardama wajen kwafi a AutoCAD, kak ka yi saurin sayen sabo

Wata Laraba cikin watan Afirilu, zafin nan na Sakkwato da ko fanka iskar wuta take huro maka, ina zaune ofis ɗinmu nan wajen Mabera ina lissafin rodi, sai yaron da ke koyon aiki wajena, ɗalibi ne da anka turo muna ya yi wata shida, ya taso ya tsaya kaina yac ce, Oga maus ɗin nan fa ya mutu, a ba ni kuɗi in tahi in sawo wani. Nic ce mi ya same shi? Yac ce tun safe shina son ya kwafi tagogi 6 na filan ɗin wani Alhaji zuwa bene na sama, in ya danna taga ta farko ta kama, da ya je ga ta biyu sai ta farkon ta saki, ya koma ga ta farko ta biyun ta saki, haka suke ta wasan ɓuya da shi. Na ja kujera na zauna, na rubuta PICKADD na buga Enter, sai ga 0. Na sa 2. Shi ke nan maus ya tashi daga matattu. Yaron ya tsaya shina kallona kamar na yi tsibbu.

Wanga abu ya faru da ni ban san iyaka ba, ni kaina lokacin da nike koyo na taɓa sayen maus biyu cikin mako guda a kan laifin da ba nasu ba, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Shi ya sa nic ce bari in zauna in rubuta yadda nike bin wagga matsala in ta taso, musamman wajen kwafi, don kwafi shi ne aikin da mai zanen gini ya fi yi, taga ɗaya kake zanawa sauran duk kwafi ne, haka fila, haka ƙofa, haka kujerar banɗaki. Abin da zan faɗa na AutoCAD ne, manhajar zane a kwamfuta, amma masu BricsCAD da ZWCAD da GstarCAD mafi yawan sunayen nan za su iske su daidai wajensu.

Kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka abu biyu. Na farko, matsalar cikin AutoCAD kaɗai take ko har waje? Ka rage shi ka buɗe Paint, ka danne maɓallin hagu ka ja dogon layi kana zagayawa kamar kana zanen igiya ba tare da ka ɗaga yatsa ba. In layin bai tsinke ba maus ɗinka lahiya lau yake. In kuwa ya riƙa tsinkewa, ko kuma ka danna folda sau ɗaya ta buɗe da kanta, to shi ne mai laifi, za mu zo kansa can ƙasa. Na biyu, cikin wanga fayil kaɗai take ko kowane? Buɗe sabon zane, ja layi biyu uku ka gwada kwafi. Dalilin haka shi ne wasu saitin cikin fayil ɗin zane suke zama, irin su Snap da Ortho, in abokin aiki ya turo maka fayil ta WhatsApp da nasa saitin yake zuwa, wasu kuwa irin PICKADD da PICKFIRST da COPYMODE cikin kwamfutar suke, su ko wane fayil ka buɗe suna nan suna jiranka.

Sai kuma abin da yara ba su son yi, karanta layin kwamand da ke ƙasan sikirin. AutoCAD kullum shina gaya maka mi yake jira, ka zaɓi abu ne, ko wurin kamawa ne, ko wurin ajewa. Rabin abin da ake cewa maus ya haukace, mutum ne ya danna amsar wata tambaya ga wata tambaya daban. In layin ya ɓace maka Ctrl+9 ke maido shi, F2 kuma ta buɗe maka duk abin da ya wuce ka gani da idonka inda anka rabu.

To mu koma ga PICKADD. In yana 0, duk abin da ka danna sabo shi ke korar na da, sai ka riƙe Shift sannan su taru. In yana 1 ko 2 suna taruwa da kansu, Shift kuma ya zama na cirewa. A sababbin AutoCAD, asalinsa 2 ne. Abin haushin shi ne ba sai ka rubuta komai ba yake canzawa, akwai wani ɗan maɓalli can saman akwatin Properties, wanda Ctrl+1 ke buɗewa, gefen dama, mai alamar tarawa, in ka taɓa shi bisa kuskure sai ya koma alamar 1, shi ke nan ka shiga uku ba ka sani ba. Yaron nan nawa shi ya taɓa garin neman rufe akwatin.

Ƙanensa shi ne PICKFIRST. Alamarsa, ka zaɓi abubuwanka tsaf sun yi shuɗi, ka rubuta CO, wato COPY a taƙaice, ka buga Enter, sai duk su saki ya ce maka zaɓi abu kamar ba ka yi komai ba. Haka Ctrl+C zai sake tambayarka, maɓallin Delete ma ya daina gogewa, danna rubutu sau biyu don gyara ya ƙi buɗewa. In ka ga waɗanga ukun sun haɗu kak ka wahalar da kanka, rubuta PICKFIRST sa 1. Ta cikin Options ma akwai shi, shafin Selection, wurin da anka rubuta Noun/verb selection, amma rubutawar ta fi sauri.

Akwai kuma masu cewa akwatin zaɓi ya lalace, maimakon murabba'i sai wani abu mai lanƙwasa kamar igiyar ɗaure akuya ke fitowa. Wannan ba lalacewa ba ce, Lasso ne, tun AutoCAD 2015 sunka sako shi. Wanda ya saba da Word ko CorelDRAW hannunsa ya saba danne maɓalli ya ja, to a nan in ka danne ka ja igiyar ke fitowa, in kana son murabba'i dannawa za ka yi ka saki, ka matsa, ka sake dannawa. Ni dai ban taɓa ganin amfanin igiyar nan ga filan ɗin gida ba, komai namu a miƙe yake, don haka kashe ta nike yi, PICKAUTO daga 5 in mai da shi 1. Sannan in bar PICKDRAG a 2, shi ke ba ka damar yin akwati ta ko wace hanya, da dannawa biyu da ja. In PICKDRAG na 1 ne za ka danna wuri ka saki ka ga ba akwatin da ya fito, sai ka ce maɓalli ya mutu. Kuma ku tuna, daga hagu zuwa dama akwati shuɗi ne, abin da ya shige ciki gaba ɗaya kaɗai yake ɗauka, daga dama zuwa hagu kore ne, duk abin da ya taɓa nasa ne. Mutum ya ja kore a kan taga ya kwaso har da bango da layin awo, sannan ya ce kwamfuta ta ƙara masa kaya.

In kana danna layi shina kuɓuce maka sai ka yi sau uku huɗu, diba PICKBOX. Shi ne ɗan murabba'in da ke tsakiyar alamar maus, asalinsa 3, ga sikirin ɗin laftof na yanzu masu ƙananan ɗigo ya yi ƙanƙanta, ni 6 nike sawa, wanda idonsa ya fara gajiya irin namu ya sa 8 ba laifi. In kuwa ka danna abu ɗaya sai goma su kama tare, an ɗaure su ne a Group, Ctrl+Shift+A ke kwance su na ɗan lokaci. In duk dannawa sai wani ɗan akwati ya fito shina tambayarka wanne kake nufi, Ctrl+W ka taɓa, sake taɓa shi. Amma kafin ka kashe shi tsaya ka yi tunani, don ba ya fitowa sai in abubuwa na kwance bisa juna, ƙila gaskiya yake gaya maka.

Yanzu ga kwafin kansa. Wani zai ce da in na fara kwafi ina ta ajewa har sai na gaji na buga Esc, yanzu ɗaya tak yake yi ya fita. Wani kuma akasin haka ke damunsa, shi ɗaya yake so amma abin ya manne wa maus ya ƙi saki. Duka COPYMODE ne, 0 shi ne a yi ta yi, 1 shi ne guda. Cikin kwamand ɗin ma in ya tambaye ka wurin kamawa kana iya buga O ka canza, kuma layin farko shina rubuta maka Copy mode = Multiple ko Single, mutane ne ba su karantawa. In kuma kana jan kwafin ba ka ganin inuwarsa tana bin maus, sai ka aje sannan ya bayyana, rubuta DRAGMODE ka zaɓi Auto.

Wanda nike so in daɗe a kansa shi ne na maɓallin dama, don shi ya taɓa sa ni zufa da sanyin hunturu. Wani safiyo ya kawo muna zanen fili can hanyar Wamakko, an yanka fuloti-fuloti 50 da 100, aikinmu mu ɗora filan ɗin gida bisa kowane. Na zaɓi gidan, na buga CO, na kama kusurwa, sai na lura ba kusurwar da nike so ba ce, sai na danna dama da niyyar in fasa. Ban ga komai ya canza ba, na ci gaba da aikina. Washegari mai fili ya zo da ɗan'uwansa su gani, na danna tayar maus sau biyu don zanen ya cika sikirin, sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai ɗigo ɗaya can ƙasa hagu da wani can sama dama. Alhaji yac ce Malam ina filin nawa? Nic ce shina nan Alhaji, a yi haƙuri minti ɗaya, alhali cikina ya ɗuri ruwa.

Ga abin da ya faru. Bayan ka kama wurin farko AutoCAD shina tambayar wuri na biyu, a ƙarshen tambayar kuwa akwai rubutu cikin baka mai tsini da ke cewa use first point as displacement. Ma'anarsa in ka buga Enter a nan, ko Space, ko ka danna dama alhali an saita dama ta zama Enter, to zai ɗauki lambobin wurin da ka kama ya mai da su nisan tahiya. In zanenka kusa da 0,0 yake kwafin zai faɗa nan kusa ka gan shi ka goge. Amma zanen safiyo lambobin ƙasa na gaske yake ɗauke da su, Sakkwato tana shiyya ta 31 a tsarin UTM na lambobin taswira, lambobinmu wajen 740,000 ne ta gabas, wajen 1,440,000 ta arewa, kuma da mita. Wato gidan Alhaji na ɗauka na jefa shi sama da kilomita 700 gabas da sama da 1,400 arewa, tsakiyar Sahara ke nan. Shi ya sa da na ce a nuna min duka, sai gari guda ya koma ɗigo. MOVE ma haka take, ita ta fi muni don ainihin abin ne ke tahiya ba kwafinsa ba.

Maganinsa, in za ka fasa Esc ake bugawa, ba dama ba, ba Space ba. In ka farga nan take buga U, shi ke warware aikin da ka yi na ƙarshe. In sai daga baya ka gani, ka matsa da tayar maus kan kowane ɗigo ka ga wanne ne zanenka na gaske, ɗayan ka ja masa akwati kore ka goge. In ɗigon ya yi ƙanƙantar da ba ka ganinsa, ka kunna duk leyoyinka da LAYON tukuna, ka tsaya inda zanen gaske yake, Ctrl+A, sannan ka riƙe Shift ka ja akwati bisa zanen gasken don ya fita daga zaɓi, abin da ya rage shi ne ɓataccen, ka diba Properties ka ga mi ne ne kafin ka goge. Kak ka tsallake kunna leya, in ba haka ba za ka iya goge abin da ke ɓoye ba ka sani ba.

Ita damar kanta ana saita ta. Rubuta OP, wato Options, shafin User Preferences, maɓallin Right-click Customization. Masu son rubutu, SHORTCUTMENU ne, asalinsa 11, wato dama ta fito da jerin zaɓi. In 0 ne dama Enter ce tsagwaronta, tsofaffin hannu da sunka faro tun zamanin tsohon AutoCAD R14 haka suke so, in ka zauna kwamfutar irinsu sai ka yi hattara. Ni 27 nike sawa, ɗan taɓi ya zama Enter, in na ɗan riƙe jerin ya fito, iyakar tsakaninsu kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ne, 250 za ka gani a akwatin, mai nauyin hannu ya ƙara shi. In kuma tayar tsakiya ce ta daina jan zane sai wani jeri take fitowa da shi, MBUTTONPAN sa 1.

Sai matsalar na danna nan ya sauka can. Abu na farko F9. Tana maƙwabtaka da F8, yatsa ya zame ka kunna Snap, sai maus ya riƙa tsalle-tsalle kamar fara, ba ya tsayawa inda kake so. Kashe ta kawai. F8 kuwa Ortho ce, in tana kunne kwafi ba ya tahiya sai a miƙe, sama ko gefe, wani ya yi ta jan abu ta kwana ya ƙi zuwa. A laftof da yawa sai ka haɗa da Fn, in ba haka ba ƙarar sifika ko hasken sikirin kake canzawa kana cewa F8 ba ta aiki. Kuma riƙe Shift lokacin da kake neman wurin ajewa shina juya Ortho na ɗan lokaci, don haka in maɓallin Shift ya maƙale da ƙura, ko Sticky Keys ta kunna kanta, wadda Windows ke kawowa in ka buga Shift sau biyar a jere, za ka ga abubuwan mamaki, kana zaɓa shina cirewa, kana jan kwana shina miƙewa.

F3 ita ce ke sa maus ya kama ƙarshen layi ko tsakiyarsa ko mahaɗa. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya shiga OS, inda ake zaɓar abin da F3 za ta kama, ya danna Select All, wai don kada a bar shi a baya. To Nearest na kunne, Perpendicular na kunne, Tangent na kunne, kana nufin kusurwar bango ya kama maka wani wuri kusa da ita, taga ta zauna da gocewar milimita 7, a sikirin ba ka gani, sai ka zo sa awo ka ga 1207 maimakon 1200, ko bangon bulo inci tara da ya kamata ya ba ka 225 ya ba ka 231. Ni Endpoint, Midpoint, Center, Intersection da Extension sun ishe ni, sauran in na buƙace su Shift da dama in zaɓa na sau ɗaya. Kuma ka jira alamar ta fito kafin ka danna, murabba'i na ƙarshen layi ne, mai kusurwa uku na tsakiya ne. In wurin ya cunkushe buga Tab, zai riƙa zagaya maka su ɗaya bayan ɗaya. Sauri ya haifi nawa a nan wurin.

Masu aiki da zanen safiyo ku ƙara da OSNAPZ. Layukan tudu da kwari suna da tsawo ta sama, in ka kama ɗaya kwafinka zai hau can sama mita ɗari biyu da wani abu, daga bisa kana ganin ya zauna daidai amma awo ya riƙa ba ka ƙarya, Fillet mai haɗa kwana ya ƙi, Hatch mai cike fili da zane ya ƙi. Sa shi 1 sai komai ya tsaya ƙasa. Shi wanga ba ya zama, in ka rufe AutoCAD ka buɗe sai ka sake sawa.

In da lamba kake kwafi ba da dannawa ba, ka lura da F12. In tana kunne ka rubuta 3600,0 daga inda ka kama yake ƙirgawa, in tana kashe daga 0,0 yake ƙirgawa sai ka sa @ gaba. Ni ban cika shiga wanga rikici ba, F8 nike kunnawa, in tura maus ɓangaren da nike so, in rubuta 3600 in buga Enter, in sake rubuta 7200, fila-fila sun jeru. Ka lura duk daga wurin farko yake aunawa, ba daga kwafin baya ba, in ka rubuta 3600 sau biyu ka aje biyu wuri guda.

Ctrl+C da Ctrl+V kuwa ba su ne COPY ba, ko da yake yara sun fi son su. Ctrl+C ba ya tambayarka wurin kamawa, kusurwar ƙasa ta hagu ta duk abin da ka zaɓa yake ɗauka, wadda sau da yawa iska ce ba komai wurin, shi ya sa in ka zo mannawa abin ke rataye nesa da maus. Yi amfani da Ctrl+Shift+C, shi zai ce ka nuna wurin kamawa. In daga fayil zuwa fayil ne kuma kana son ya sauka daidai lambobinsa na asali, PASTEORIG. Ka kiyayi Ctrl+Shift+V in ba da niyya ba, shi dunƙule maka kayan yake yi su zama Block mai wani suna na haruffa da lambobi barkatai.

Wani abu kuma da ke faruwa ba a lura, in abu na zaɓe ka danne hagu a jikin layinsa ka ɗan ja, to ka matsar da shi ke nan, in Ctrl na riƙe kwafi ne, kuma wagga hanya ba ta bin F3, inda hannunka ya saki nan ya zauna. Masu aiki da faifan taɓawa na laftof su abin ya fi ci, tafin hannu ya goga ya ja bango ya bar shi a karkace. In za ka yi zane da gaske sa maus ka kashe faifan. In kuwa ɗigon shuɗin da ke fitowa jikin abin da ka zaɓa ka danna ya koma ja, kana cikin Grips ne, Space ɗaya ya kai ka Move, ka buga C ya zama kwafi, hanya ce mai daɗi in da niyya ka shiga.

To, wani lokaci fa maus ɗin ne da gaske. Ƙarƙashin maɓalli akwai ɗan makunni mai siririn ƙarfe, in ya tsufa ko ƙurar hunturun nan tamu ta shige shi, dannawa ɗaya sai ya aika biyu. A wajen kwafi wannan mugun abu ne, don dannawar farko ta zama wurin kamawa, ta biyun da ba kai ka yi ba ta zama wurin ajewa, a wuri guda, wato ya aje kwafi daidai bisa na asali, ido ba ya gani. Kai kuma ka ci gaba da aje sauran. Ranar da za ka gane ita ce ranar da kac ce ya ƙirga maka ƙofofi da COUNT, wadda ta zo a AutoCAD 2022, ya ce 19 alhali gidan 14 gare shi, in ba ka lura ba ka rubuta wa mai gida lissafin ƙofa biyar da ba su akwai, kafinta ya yi murna kai ka sha kunya. Ko ka goge layi ka ga shina nan, ka sake gogewa shina nan. Gwaji, ja akwati kore bisa abu ɗaya ka diba saman Properties, in ka ga 2 cikin baka to biyu ne. OVERKILL ke share su, zaɓi duka ka buga Enter, amma ka aje kwafin fayil ɗin gefe tukuna.

Shi maus ɗin, cire shi daga kwamfuta, ka kifa shi ka bubbuga a tafin hannu, ka hura ƙarƙashin maɓallin, wani lokaci ya ba ka wata guda ko biyu. Masu gyaran waya da ke da abin narka dalma suna iya canza makunnin, amma ga maus mai araha kuɗin gyaran ya kusa na sabo. In marar waya ne fara da batir, sannan ka matso da ɗan abin da ake sokawa kusa, kak ka sa shi jikin filas ko hadis da ke ramin USB mai shuɗin ciki, suna dagula masa sigina. Teburin gilashi ko mai sheƙi shi ma shina sa kibiya rawa, ko kwalin indomi ka shimfiɗa ya fi. Sannan ka leƙa saitin Windows, maɓallin Windows da R, rubuta main.cpl, ka tabbata ClickLock ba ta kunne, ita ce ke sa in ka ɗan daɗe da dannawa maɓalli ya zama kamar a danne yake ko ka saki, kuma ka ga ba a juya hagu da dama ba, don na taɓa iske yaran gida sun yi min haka. In kuma kibiyar nauyi take yi cikin AutoCAD kaɗai, ka danna sai bayan daƙiƙa ta amsa, gwada GRAPHICSCONFIG ka kashe ko ka kunna Hardware Acceleration ka ga wanne ya fi wa injinka.

Za ka ce to wa ke canza waɗanga lambobi tunda ni ban taɓa ba. Wani lokaci hannu ne, wani lokaci ƙananan shirye-shiryen LISP ne da muke karɓa wajen juna, suna canza saiti su yi aikinsu su maido, in ka buga Esc tsakiyar aiki ko anka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu kafin a tada janareta, sai su bar shi yadda sunka canza. Daga AutoCAD 2016 akwai SYSVARMONITOR, ka zuba masa sunayen da kake tsoro, duk wanda ya motsa zai nuna maka alama can ƙasa ka maido da dannawa ɗaya. Ranar da komai ke tahiya daidai kuma ka shiga OP, shafin Profiles, ka yi Export, zai ba ka ɗan fayil mai ƙarewa da .arg, ka aje a filas. Reset Settings to Default da ke cikin Start shi ne na ƙarshe, don har gajerun kwamand da ka shirya wa kanka zai share, sai dai shina tambayarka ko ya aje maka tsohon tukuna, ka ce eh.

Ofis ɗinmu yanzu akwai wata 'yar takarda da na manna da salatif gefen sikirin ɗin da ɗalibai ke zama, PICKADD 2, PICKFIRST 1, PICKAUTO 1, PICKDRAG 2, COPYMODE 0, SHORTCUTMENU 27, ƙasa kuma da jan biro, in za ka fasa Esc. Shekaranjiya na ji yaron nan shina gaya wa sabuwar ɗalibar da anka kawo, Malama kafin ki kira Oga ki bi takardar can tukuna, in ta ƙi sai ki buɗe Paint.